Leɓen Aro

Duk layin babu gidan da ba a rataye aikin hannunsa ba. Mai Hoto ake ce masa, har matarsa ma haka take kiransa in da baƙi. Shagonsa na ƙasan wani tsohon bene, tsakanin mai sayar da magani da wani tela, shi da iyalinsa kuma suna zaune a ɗakuna biyu da ke bayan shagon. Ƙofar katako guda ce ta raba wurin aiki da wurin kwana.

Yana ɗaukar fasfo, yana zuwa taro in an kira shi, amma abin da ya yi suna a kai shi ne hoton jarirai. Yana da kwando da ya shimfiɗa wa farin tawul, da 'yar jar kujera mai hannu, da ƙararrawar da yake kaɗawa a saman kyamara. Ko yaro ya shigo yana tsala ihu, minti biyar ya ishe shi ya samo dariya a bakinsa. In an tafi sai ya zauna gaban kwamfuta ya yi aikin da ya fi so. Ya share ƙuraje, ya goge majina, ya daidaita idon da ya ɗan karkace. Yakan ce wa iyaye mata, yana dariya, babu mummunan yaro a garin nan sai wanda uwarsa ta yi rowar kawo shi.

Matarsa malamar firamare ce, 'yan aji biyu take koyarwa, kowa Malama yake ce mata. Sai da suka shekara huɗu da aure sannan ta sami ciki. Tun cikin na wata biyar ya canza tawul ɗin kwando, ya sake wa jar kujera fenti, ya gaya wa duk wanda ya shigo shagon cewa kwanan nan za su ga abin da ake kira hoto.

Wata ranar Talata da hantsi ta haihu. Ya isa asibiti da kyamara rataye a wuya. Nas ta fito ta ce mace aka samu, uwa da 'ya lafiya, sannan ta ce likita zai yi masa bayani. Bai jira likita ba, ya tura ƙofa ya shiga.

Malama na kwance, jaririyar na kan ƙirjinta. Ga gashi baƙi ƙirin, ga kumatu, ga 'yan yatsu dogaye irin nasa. Amma leɓenta na sama a tsage yake daga gefen hagu har cikin ƙofar hanci, hancin ma ya kwanta a wannan ɓangaren. Da ta buɗe baki za ta yi kuka sai ya hango tsagar ta wuce har ciki.

"Zo ka gan ta mana," in ji Malama. Ta riga ta yi kukanta ta gama. "Sun ce ana ɗinkewa. In ta yi nauyi za su yi mata aiki."

Ya matso, ya leƙa, ya ce Allah ya raya. Nas ɗin ta ce ai sai ya ɗauki na farko tun da ga kyamara a wuya. Ya duba bayan kyamarar, ya danna wani abu, ya ce batir ya mutu. Da safen nan ya cire shi daga caji.

Makonnin farko Malama ce ta sha su. Jaririyar ba ta iya kama nono, in ta ja sai iska ta shiga, abin da ta samu kuma ya fito ta hanci. Sai Malama ta tatsa a kofi, ta zaunar da ita a miƙe a kan cinya, ta riƙa ɗiga mata da ƙaramin cokali. Ciyarwa ɗaya takan ci kusan awa guda, kafin a wanke kofi wata ta zo. In ta ƙoshi takan yi wani ɗan gurnani a maƙogwaro mai taushi, shi ya sa uwar ta laƙaba mata Kurciya.

Shi kuwa ya ce a bar labulen taga a sake, iska ba ta da kyau ga jariri. Maƙwabta in sun zo barka sai ya tare su a shago, ya ce mai jego ta samu barci. Wayarsa kuma ba ta huta ba. Yayyensa mata, da 'yan uwan Malama, da mahaifiyarsa da ke can wani gari mai nisa, tambayarsu ɗaya ce, a ce gidan mai hoto an haihu har mako uku babu hoto?

Wata rana da azahar Malama ta shiga wanka, Kurciya na barci. Ya ɗauko kyamara ya ɗauka sau ɗaya, ya koma shago ya rufe ƙofa. Ya buɗe hotunan jariran da ya yi a shekarar, yana bi ɗaya bayan ɗaya yana auna launin fata, har ya tsaya a kan ɗan tela maƙwabcinsa. Ya yanko leɓen yaron ya ɗora wa 'yarsa, ya ɗaga gefen hancin, ya shafe wurin haɗin har shi kansa ya kasa gane inda ya yanka. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, ya ji daɗin hakan kuwa. Kafin la'asar ya tura wa dangi duka.

Malama a wayarta ta gani, ƙanwarta ce ta turo mata tana yabon kyan yarinya. Ta shigo shagon da Kurciya a kafaɗa, ta miƙa masa wayar.

"Leɓen wa ne wannan?"

"Gyara ne kawai, irin wanda nake yi wa kowa."

"Na ce leɓen wa ne."

"Na ɗan tela ne." Ya ci gaba da goge gilashin kyamara. "Ai haka za ta koma in an yi aikin. Na riga likitocin ne kawai. Kina so a yi ta yawo da ita a waya ana nuna wa juna?"

Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce, "To in sun zo fa?"

"Kafin su zo an ɗinke."

Ba a ɗinke ba, don nauyin ya ƙi zuwa. Duk mako biyu Malama takan kai ta awo, ta dawo da kati a hannu da ƙarin da bai taka kara ya karya ba. Ana cikin haka Inna, mahaifiyarsa, ta sauka ba sanarwa, da jakarta da hoton da ta sa aka wanke mata babba. Ta wuce shi a shago ta shiga ciki tana kiran ina kishiyar tata. Ta yaye mayafin da aka rufa wa yarinyar, sai ta ja da baya ta zauna a bakin gado.

"Auta, wannan ce a hoton?"

"Ita ce, Inna. Za a yi mata aiki."

Inna ta juya wajen Malama, ta dube ta tun daga ɗankwali har ƙafa. "Mu dai kaf danginmu, na uwa da na uba, babu mai wannan. Ke 'yar nan, me kika ci da cikin? Ko wani abu kika tsaya kallo a hanya?"

Malama ta dubi mijinta. Likita ya gaya musu su biyun cewa ba laifin kowa ba ne. Ya san da haka, amma ya ga kamar in ya buɗe baki laifin zai iya juyowa kansa, sai ya ce bari ya duba shago, ya ji kamar an yi sallama.

Kwana uku Inna ta yi, ba ta ɗauki yarinyar ko sau ɗaya ba. Da za ta tafi ta mayar da hoton cikin jaka, ta ce wannan za ta ci gaba da nunawa, kada wanda ya kuskura ya gaya wa mutanen can wani abu. A tasha ta dafa kafaɗarsa ta ce ya yi hankali da ya gyara, haka ake rufa wa gida asiri. Ya dawo yana jin an sauke masa kaya.

Kurciya ta yi murmushinta na farko tana da wata biyu da 'yan kwanaki. Malama ta ƙwala masa kira, ya shigo da sauri ya zaci wani abu ne. Yarinyar na kwance a kan katifa tana kallon fanka, fuskarta gaba ɗaya ta buɗe, tsagar ta yi faɗi, dasashi a waje, idanu sun ƙanƙance don daɗi.

"Ka gani? Dube ta, wallahi dariya take yi."

"Na gani," ya ce. "Ki daina sa ta yin haka, wurin zai ƙara buɗewa."

Daga nan Malama ta daina kiransa. Da tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi take ɗaukar abinta. Ranar da Kurciya ta juya da kanta, ranar da ta zauna tsakanin filo biyu ta kife, haƙorin farko da ya fito a karkace kusa da tsagar, duk ta ɗauka. Hutun haihuwarta ya ƙare ta koma makaranta, takan kai yarinyar gidan yayarta da safe ta ɗauko da rana. Ya roƙe ta ta riƙa fita ta ƙofar baya, ta riƙa rufa mata mayafi saboda ƙura. Aka sa ranar aiki tana wata shida, tari ya kama ta, aka ɗaga. Aka sake sawa, ciwon kunne ya zo, aka sake ɗagawa. Sau ɗaya ya raka su asibiti, ya tsaya a bakin get yana waya har suka fito.

Ba wai ba ya jin komai game da ita ba ne. Wani lokaci in Malama na kicin yakan tsaya a kan yarinyar tana barci, ya sa babban yatsa ya kare leɓen daga idonsa, ya ga kyakkyawar fuska mai kama da tasa, har ƙirjinsa ya yi nauyi. Da ya janye yatsan sai abin ya tafi.

Tana wata tara ta fara rarrafe, kuma babu inda take so kamar ƙofar katakon nan, don tana jiyo ƙararrawa ta bayanta. Wata Asabar da safe wata mata ta kawo ɗanta, wani lukuti ɗan wata takwas, an sa masa riga da 'yar hula. Mai Hoto ya zaunar da shi a jar kujera, ya durƙusa yana kaɗa ƙararrawa. Sai ya ji an kama masa ƙafar wando. Kurciya ce. Ta riƙe wandon da hannu biyu, ta ja, ta ja, ƙafafunta na rawa, har ta miƙe tsaye. Ba ta taɓa tsayuwa ba sai ranar. Ta ɗaga kai tana yi masa wannan dariyar tata, miyau na zuba, tana miƙa hannu wajen ƙararrawa.

Matar ta yi salati, ta fizge ɗanta daga kujera ta juya masa fuska. "Wannan fa? 'Yar waye?"

"'Yar masu haya ce a bayan shagon nan," ya ce. Maganar ta fito masa sumul, ko tunani bai yi ba. "Uwar ba ta kula da ita, kullum sai ta shigo."

Ya ɓamɓare 'yan yatsun daga wandonsa, yarinyar ta faɗi zaune daɓas. Da ya ɗago sai ga Malama a bakin ƙofa, da kofi da cokali a hannu. Ta ajiye su a kan teburinsa, ta sunkuya ta ɗauki 'yarta, ta karkaɗe mata gwiwa.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah," ta ce da matar. Sannan ta dube shi. "Malam mai shago, a yi haƙuri. Ba za ta sake ba."

Ya jira rigima da yamma, rigima ba ta zo ba. Ta zuba masa abinci, ta zauna tana duba littattafan 'yan ajinta. Ya fara cewa ta san halin mutane, sana'a ce, in labari ya bazu mata masu ciki za su daina shigowa. Ta ce ta ji. Washegari ya kira kafinta ya sa wa ƙofar sakata ta ɓangaren shago, can sama. Kurciya takan rarrafo ta zauna a bayan ƙofar tana bugawa da tafin hannu. In da mutane sai ya ƙara sautin rediyo.

Saura kwana kaɗan ta cika shekara aka yi aikin. Wannan karon ya shiga har cikin asibitin. Da safe aka ba Malama wata koriyar riga da hula don ta kai yarinyar ƙofar ɗakin tiyata, ta miƙa masa jakarta da wayarta ya riƙe. Ya zauna a benci a baranda. Ya san lambobin buɗe wayar. Hotuna ɗari huɗu da wani abu ya tarar, mafi yawansu a karkace, wasu sun yi duhu, wasu yatsan Malama ya kare gefe. Ya buɗe wani bidiyo, Kurciya a cikin baho tana dukan ruwa tana ƙyalƙyala dariya, ana jin muryar uwar tana yi mata waƙa. Ya kalla har ƙarshe, ya sake kalla. Ya tuna yarinyar za ta girma, za ta yi ƙawaye, wata rana wani zai ɗauki wayar nan. Ya gaya wa kansa cewa abin da uba ya kamata ya yi ke nan. Ya zaɓe su duka ya share, ya shiga inda waya ke ajiye abin da aka share ya share can ma, don ya san aikinsa.

Aka fito da Kurciya da rana, leɓen a kumbure da baƙin zare, hannayenta a ɗaure cikin wasu kwalaye don kada ta taɓa. Tsagar ta rufe. Ya tsaya a kanta, a karon farko ya kalli fuskar ba tare da ya kare komai ba, hawaye suka zubo masa. Wata nas ta ce kai, uban nan yana son 'yarsa.

A gadon da ke kusa akwai wata mata da jaririnta mai irin wannan leɓen, jibi za a yi masa nasa aikin, sai kuka take. Malama ta ce bari ta nuna mata yadda tata take jiya, ta ga bambanci hankalinta ya kwanta. Ta karɓi wayar ta buɗe. Ta fita ta sake shiga. Ta kashe ta kunna.

"Ina hotunan?"

"Na share."

"Duka?"

"Don ita na yi. In ta girma ba sai ta ga wannan abin ba."

Malama ta yi magana a hankali saboda mutanen ɗakin. "Fuskar nan na haifa. Ita na yi shekara ina kallo. Yau an ɗinke ta, ba zan ƙara ganinta ba har abada, ka kuma san haka ka zauna ka share."

"Wata rana za ki gode mini."

Ta sa wayar a jaka, ta juya ta gyara wa yarinyar bargo. Matar da ke kusa ta kawar da kai.

Ba ta bar gidan ba. Yayarta ta ce ta yi haƙuri, akwai aiki na biyu a gaba, yarinya na buƙatar uba. Aka yi na biyun bayan wata takwas, aka rufe tsagar da ke cikin baki. Tabon leɓen ya kwanta ya zama ɗan siririn layi. Mai Hoto ya cire sakata da hannunsa. Ya zaunar da Kurciya a jar kujera ya yi mata hotuna sun fi hamsin, ya wanke ɗaya babba ya kafa a gilashin gaban shago. Ya riƙa ɗora ta a wuya yana zaga layin da yamma, yana saya mata alawa wurin mai magani. Inna ta dawo ta goya ta, ta ce hancin nasu ne sak.

Labarin ma ya iya ba da shi. In mata sun tambayi tabon sai ya ajiye kyamara ya ce ai sun ga tashin hankali, shekara guda cur ba ya iya cin abinci, asibiti ya zama masa gida. Yakan ce duk wanda Allah ya ba irin wannan yaro kada ya ɓoye shi. Tun yana faɗa yana satar kallon ƙofar katako har ya daina, don zuwa lokacin shi ma ya yarda haka aka yi.

Abin da ya rage na wahala kuwa yana hannun Malama. Ita ke murza tabon da mai safe da yamma kamar yadda likita ya ce, da ƙarfi, yarinyar na ihu. Ita ke ɗiga maganin kunne. Da Kurciya ta shekara uku maganarta na fita ta hanci, aka ba uwar takardar atisaye, kullum in ta dawo daga makaranta sai ta zaunar da ita gaban madubi, a hura takarda, a maimaita kalma ɗaya sau ashirin. Yarinyar ta tsani madubin, ta tsani kwalbar man, da ta ji takun uwarta sai ta nemi wurin ɓuya.

Wata ranar Alhamis da la'asar, shagon cike da 'yan makarantar da suka zo fasfo, Kurciya ta banko ƙofa da gudu tana kuka, ta faɗa jikin ubanta.

"Baba, Mama muguwa ce. Ba na son ta."

'Yan makarantar suka yi dariya. Ya ɗauke ta ya share mata hawaye, ya zaro alawa daga aljihu ya ɓare mata. Malama ta biyo ta, tana tsaye da takardar atisayen a hannu, ko kayan makaranta ba ta cire ba.

"Saura kalma biyar," ta ce.

"Haba Malama," ya ce, yana jijjiga yarinyar. "Ki riƙa tausaya mata mana. Yarinyar nan ta sha wuya a rayuwarta, ke ba ki gani ne?"

Malama ta dube shi, ta dubi 'yarta da ta cusa fuska a wuyansa. Ta ninke takardar biyu, ta koma ciki ta ɗora tukunya. Shi kuma ya zaunar da Kurciya a kan teburinsa, ya ce wa na gaba ya gyara kwalar rigarsa, ya ɗaga haɓa kaɗan.